Darasin Wannan Wata: Dokar Da Ta Ba Tambuwal Da Kebbe Mulkin Kai

A ɗauka cewa damina ta yi nisa. Ruwa ya cinye kwalbatin da ke kan hanyar wani ƙauye a ƙasar Kebbe. Amalanke ba ta wucewa. Mai babur sai ya yi dogon zagaye. Ranar kasuwa ta zo, kaya suna gida. Mace mai naƙuda ma sai an ɗauke ta a ka kafin a kai ga mota.

Da la'asar dattawa suka taru a ƙofar masallaci. Wani ya ce a kai kuka wurin uban ƙasa. Wani ya ce aikin gwamna ne. Wani kuma ya ce sai dai Abuja. Can wani magidanci ɗan ajin yaƙi da jahilci ya ce, "Baba, ku gafarce ni. Ashe ba mu da kansila? Ashe ba mu da ciyaman a Kebbe?"

Magidancin nan ya faɗi daidai. Gyaran irin wannan hanya yana cikin ayyukan da babbar dokar ƙasa ta ɗora wa ƙaramar hukuma. Wannan darasi zai bayyana wace doka ce, yaushe aka yi ta, abin da ta ba mutanen Tambuwal da Kebbe, da kuma abin da ba ta ba su ba.

MENE NE MULKIN KAI?

Mulkin kai shi ne mutanen wani yanki su riƙa tafiyar da harkokinsu ta hannun shugabannin da suka zaɓa da kansu. Ba wai su ɓalle daga ƙasa ba ne. Suna nan cikin jiha, suna nan cikin Nijeriya. Amma akwai wasu ayyuka da doka ta ce nasu ne, akwai kuma kuɗin da doka ta ce nasu ne.

Dalilin haka a fili yake. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'aikacin da ke zaune a Abuja bai san kwalbatin da ya karye a ƙasar Kebbe ba. Bai san rumfar da ta faɗi a kasuwar Tambuwal ba. Wanda ke bin hanyar kullum shi ya sani.

Mulkin kai kamar murhu yake. Murhu yana da duwatsu uku. In ɗaya ya goce, tukunya ba ta zama. Duwatsun mulkin kai su ne:

1. Zaɓe: jama'a su zaɓi shugabanninsu.
2. Aiki: a san ayyukan da ke wuyan shugabannin.
3. Kuɗi: a ba su abin da za su yi aikin da shi.

Mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa uku, domin a kansu darasin zai tsaya.

ZAMANIN EN'E

Tambuwal tsohon gari ne a daular Usmaniyya. Muhammadu Buhari, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi aka ba riƙon wannan yanki.

Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Daga nan Turawa suka yi mulki ta hannun sarakuna. Suka kafa hukumar da aka sani da En'e. En'e ta Sakkwato tana ƙarƙashin Sarkin Musulmi. Tana da baitulmali, da kotunan alƙalai, da 'yan doka, da gidan yari. Uban ƙasa da hakimai su ke tara haraji da jangali su kai Sakkwato.

En'e ta yi ayyuka. Ta gina makarantun elementare da ɗakunan shan magani, ta haƙa rijiyoyi. Amma talaka ba shi ke naɗa shugabanninta ba, ba shi kuma da ikon sauke su. Nasa shi ne biyan haraji. Ke nan akwai aiki, akwai kuɗi, amma dutsen zaɓe bai zauna ba.

MULKIN KAI NA JIHAR AREWA

A 1954 aka mai da Nijeriya tarayya mai jihohi uku: Arewa, Gabas da Yamma. Gabas da Yamma suka karɓi mulkin kai a 1957. Jihar Arewa ta karɓi nata ranar 15 ga Maris 1959, wato shekara 56 cif bayan ranar da Turawa suka ci Sakkwato. Firimiya a lokacin shi ne Alhaji Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato.

Wannan mulkin kai doka ce ta kawo shi, kuma a Landan aka yi dokar. Kafin ranar, Gwamna Bature ke shugabantar majalisar zartarwa a Kaduna. Bayan ranar, Firimiya ya karɓi shugabancin. Ranar 1 ga Oktoba 1960 Nijeriya duka ta sami 'yanci.

A lura da abu ɗaya a nan. Mulkin kai ba ya tabbata da fatar baki. Sai an rubuta shi a doka, an faɗi iyakarsa. Bayan 1960 yin irin wannan doka ya dawo hannun 'yan Nijeriya.

YADDA MULKI YA RIƘA MATSOWA KUSA

Kaduna tana da nisa da Kebbe. Sannu a hankali dokokin Gwamnatin Tarayya suka riƙa jawo mulki kusa da talaka.

Ranar 27 ga Mayu 1967 Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12 da dokar soja. Tambuwal da Kebbe suka faɗa cikin Jihar Arewa Maso Yamma, mai hedikwata a Sakkwato. A zamaninsa ne kuma aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e.

Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammad ya mai da jihohi 19. A nan aka sami Jihar Sakkwato.

Ranar 27 ga Agusta 1991 Janar Ibrahim Babangida ya cire Jihar Kebbi daga Sakkwato. Ranar 1 ga Oktoba 1996 Janar Sani Abacha ya cire Jihar Zamfara.

A kula kada a rikita suna biyu. Kebbi jiha ce, hedikwatarta Birnin Kebbi. Kebbe kuwa ƙaramar hukuma ce a kudancin Jihar Sakkwato.

HAIHUWAR ƘARAMAR HUKUMA

Babban canji ya zo a 1976, zamanin Janar Olusegun Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa. Gwamnatin Tarayya ta soke tsarin En'e. Ta kawo tsari iri ɗaya ga ƙasa duka. Aka sami ƙananan hukumomi 301. Aka ce daga yanzu gwamnati hawa uku ce: ta tarayya, ta jiha, da ƙaramar hukuma. Aka kuma ce ƙaramar hukuma za ta riƙa samun kaso daga kuɗin tarayya.

Sarakuna ba a taɓa rawaninsu ba. Sun ci gaba da zama iyayen ƙasa, masu ba da shawara da sasanta jama'a. Amma riƙon baitulmali da gudanar da ayyuka ya koma hannun majalisar ƙaramar hukuma.

A 1979 aka sanya wannan tsari cikin Tsarin Mulki. Wannan shi ne karo na farko da babbar dokar ƙasa ta ba da tabbacin cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙaramar hukuma. Shugaban ƙasa na farko a ƙarƙashin wannan Tsarin Mulki ɗan wannan yanki ne, wato Alhaji Shehu Shagari, wanda aka rantsar ranar 1 ga Oktoba 1979. A zaɓen wannan shekara ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya.

Sai dai rubutu daban, aiki daban. Daga 1979 zuwa 1983 yawancin gwamnoni ba su yi zaɓen ƙananan hukumomi ba. Naɗe-naɗe suka yi ta yi.

TAMBUWAL DA KEBBE SUN SAMI NASU

A rabon 1976 tsohuwar Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 19. Tambuwal ba ta cikin jerin. Garin yana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Yabo ne. A zamanin Janar Babangida aka ƙara yawan ƙananan hukumomi a ƙasa, har suka kai 589 a 1991. A wannan zamani Tambuwal ta tsaya da ƙafarta.

A 1996 gwamnatin Janar Abacha ta sake ƙari, jimla ta kai 774. A nan ne aka cire Kebbe daga Tambuwal. Shagari da Tureta da Gudu ma a wannan shekara suka sami nasu.

Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Tambuwal tana da mutane fiye da 220,000. Kebbe tana da fiye da 120,000. Amma Kebbe ta fi Tambuwal faɗin ƙasa. Ƙauyukanta a warwatse suke, shi ya sa maganar hanya take da muhimmanci ƙwarai a can.

Ko da yake an raba su, har yanzu suna da abin da ya haɗa su. Kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai ta Tarayya, wato mazaɓar Kebbe da Tambuwal. Alhaji Aminu Waziri Tambuwal ya riƙe wannan kujera daga 2003 zuwa 2015. Ya zama Kakakin Majalisar daga 2011 zuwa 2015, sannan ya yi gwamnan Sakkwato daga 2015 zuwa 2023.

DOKA TA 24 TA 1999

Dokar da ake aiki da ita a kan wannan batu ita ce Tsarin Mulki na 1999. Gwamnatin Janar Abdussalami Abubakar ce ta fitar da shi da dokar soja mai lamba 24, a watan Mayu 1999. Ya fara aiki ranar 29 ga Mayu 1999, ranar da soja suka miƙa mulki ga farar hula.

Tsarin Mulki shi ne uwar dokoki. Duk dokar da ta saɓa masa ba ta da ƙarfi, ko wa ya yi ta. An raba shi sashe-sashe. A ƙarshensa kuma akwai jadawali, wato jerin sunaye da ayyuka.

Jadawali na Ɗaya ya jero sunan kowace jiha da ƙananan hukumominta. A ƙarƙashin Sakkwato akwai sunaye 23. Kebbe tana ciki. Tambuwal tana ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun da sunansu yana cikin uwar dokoki, babu gwamnan da zai tashi rana ɗaya ya shafe su.

Haka nan ƙirƙiro sabuwa ba abu ne mai sauƙi ba. A 2003 Jihar Legas ta ƙirƙiro sababbi 37. Magana ta kai Kotun Ƙoli. A 2004 kotun ta ce aikin bai kammala ba sai Majalisar Tarayya ta yi doka ta shigar da sunayensu. Har yau ƙananan hukumomi 20 Tsarin Mulki ya sani a Legas.

DUTSE NA FARKO: ZAƁE

Sashe na 7 ya ba da tabbacin cewa majalisar da jama'a suka zaɓa ita ce za ta riƙe ƙaramar hukuma. Ya ɗora wa gwamnatin jiha nauyin yin dokar da za ta tabbatar da haka.

Ana zaɓen mutum iri biyu. Na farko ciyaman, wanda duk ƙaramar hukuma ke zaɓa. Na biyu kansila, wanda kowace mazaɓa ke zaɓen nata. A Tambuwal akwai mazaɓu irin su Sanyinna da Romon Sarki, da waɗanda suka ƙunshi Jabo da Dogon Daji. A Kebbe akwai irin su Kuchi, Girkau, Fakku, Sangi da Ungushi. Jihar Sakkwato duka tana da mazaɓu 244.

Kansiloli su ne majalisa. Su ke duba kasafin kuɗi, su amince da shi. Su ke yin ƙananan dokoki na kasuwa da tsabta. Ciyaman shi ke zartarwa.

Duk ɗan ƙasa da ya kai shekara 18, namiji ko mace, yana da ikon yin rajista ya jefa ƙuri'a. Hukumar zaɓe ta ƙasa, wato INEC, ita ke yin rajista ta ba da kati. Amma zaɓen ciyaman da kansila hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi.

Kantoma kuwa daban yake. Kantoma naɗa shi ake yi. Wanda aka naɗa yakan dubi wanda ya naɗa shi. Wanda aka zaɓa yana sane da cewa wata rana zai dawo neman ƙuri'a. Tsarin Mulki bai san kantoma ba.

DUTSE NA BIYU: AIKI

Jadawali na Huɗu ya jero ayyukan ƙaramar hukuma. Ga manya daga ciki:

1. Gina kasuwanni, tashoshin mota, mahauta da bayan gida na jama'a, da kula da su.
2. Yin hanyoyi da lambatu da gyara su.
3. Kula da maƙabarta da gidajen gajiyayyu.
4. Kwashe shara.
5. Ba da lasin na keke, amalanke, baro da kwalekwale.
6. Sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba.
7. Rajistar haihuwa, mutuwa da aure.
8. Sa ido a kan kantuna, gidajen abinci da gidajen burodi.

Akwai kuma ayyuka uku da ƙaramar hukuma take yi tare da gwamnatin jiha:

1. Ilimin firamare, ilimin manya da koyar da sana'a.
2. Bunƙasa noma da albarkatun ƙasa, ban da haƙar ma'adinai.
3. Kiwon lafiya.

A lura da na ɗaya. Ilimin manya yana cikin Tsarin Mulki. Ajin yaƙi da jahilci ba alfarma ba ce. Idan aji ya rasa allo ko alli ko fitila, ɗalibai suna da hujjar tuntuɓar kansilansu.

Ba kowace hanya ce ta ƙaramar hukuma ba. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal zuwa Jega ta Gwamnatin Tarayya ce. Wasu hanyoyin na jiha ne. Amma ƙananan hanyoyin da ke haɗa ƙauye da kasuwa, yawanci ƙaramar hukuma ake tambaya.

DUTSE NA UKU: KUƊI

Kuɗin ƙaramar hukuma ta hanya uku yake zuwa.

Hanya ta farko ita ce asusun tarayya. Kuɗin man fetur da na kwastan da harajin kamfanoni a nan ake tara su. Kowane wata ana zama a raba. Idan aka ce abin rabo naira 100 ne, Gwamnatin Tarayya tana ɗaukar naira 52 da kwabo 68. Jihohi 36 suna raba naira 26 da kwabo 72. Ƙananan hukumomi 774 suna raba naira 20 da kwabo 60. Ban da wannan, suna da kashi 35 cikin 100 na harajin da ake ɗorawa kan sayen kaya.

Wannan kaso bai fara da yawa haka ba. Da kashi 10 ne. Gwamnatin Babangida ta ɗaga shi zuwa 15, sannan zuwa 20 a 1992.

Hanya ta biyu ita ce gwamnatin jiha. Tsarin Mulki ya ce jiha ta ba ƙananan hukumominta wani kaso daga kuɗin da take tarawa.

Hanya ta uku ita ce abin da ƙaramar hukuma ta tara da kanta: kuɗin rumfa, kuɗin tasha, kuɗin kara, kuɗin lasin. Duk wanda ya biya irin wannan kuɗi ya karɓi rasit. Kuɗin da babu rasit ba a san aljihun da ya shiga ba.

Kaso mai yawa na kuɗin yana tafiya wajen albashi: malaman firamare, ma'aikatan lafiya da ma'aikatan sakatariya. Abin da ya rage shi ne na ayyuka.

INDA GIZO KE SAƘAR

Sashe na 162 ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa. Kuɗin ƙananan hukumomi daga Abuja a nan yake fara sauka, sannan a raba musu. An yi haka ne don jiha ta zuba nata kason a ciki, kuɗin ya ƙaru.

Amma abin ya juye. Shekara da shekaru ana kuka a duk faɗin ƙasar nan cewa kuɗin yana maƙalewa a hedikwatar jiha. Ana yanke wannan, ana yanke wancan. Abin da ke isa sakatariya wani lokaci albashi kawai yake biya. A jihohi da yawa kuma an daɗe ba a yi zaɓe ba, sai kantomomi. Ta haka duwatsu biyu suka goce lokaci ɗaya.

Majalisar Tarayya ta yi ƙoƙarin gyara wannan sashe fiye da sau ɗaya. Amma gyaran Tsarin Mulki yana bukatar amincewar majalisun dokoki na jihohi 24 daga cikin 36. Ba a sami wannan adadi ba.

HUKUNCIN KOTUN ƘOLI NA 2024

A 2024 Ministan Shari'a na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya kai ƙarar jihohi 36 gaban Kotun Ƙoli. Alƙalai bakwai suka saurari ƙarar. Ranar 11 ga Yuli 2024 Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta babban hukunci. Ga abin da ya ƙunsa a taƙaice:

1. Kason ƙaramar hukuma nata ne. Gwamnatin jiha ba ta da ikon riƙe shi ko kashe shi.
2. A riƙa biyan kuɗin kai tsaye cikin asusun kowace ƙaramar hukuma.
3. Gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantoma.
4. Ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba, kada a ba ta kuɗin tarayya.

Bayan hukuncin jihohi da yawa suka yi hanzarin shirya zaɓe. Jihar Sakkwato ta yi nata a watan Satumba 2024. Jam'iyyar APC mai mulkin jihar ta lashe kujerun ciyaman 23 duka. Haka abin ya kasance a jihohi da dama, na APC da na PDP: jam'iyyar gwamna ita ke kwashe kujeru. Shi ya sa wasu ke cewa a miƙa wannan zaɓe ga INEC. Wasu kuma suna cewa yin haka zai rage wa jihohi ikonsu.

Biyan kuɗi kai tsaye ma bai zo da sauri ba. A 2025 ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, wato NULGE, ta yi ta kukan cewa ana jan ƙafa wajen aiki da hukuncin. Wannan ya sake nuna cewa samun doka mataki ɗaya ne, aiki da ita wani mataki ne.

IYAKAR WANNAN MULKIN KAI

Kada a ɗauka ƙaramar hukuma ƙasa ce mai zaman kanta. Ba ta da soja. Ba ta da 'yan sanda. Ba ta da kotu. Ba ta buga kuɗi. Ba ta da nata tsarin mulki daban. Majalisar Dokoki ta Jiha ita ke yin dokar da ta tsara yadda za ta yi aiki, da tsawon wa'adin ciyaman da kansila. Akwai kuma mai binciken kuɗi da ke duba littattafanta.

Maganar tsaro ma haka take. Ciyaman yana iya tara masu ruwa da tsaki, ya kai rahoto, ya taimaka wa jami'an tsaro. Amma ba shi ke ba soja ko ɗan sanda umurni ba.

Don a ƙara fahimta, a dubi Abuja. Babban Birnin Tarayya ba shi da gwamna, ba shi da majalisar dokoki tasa. Shugaban ƙasa ke naɗa masa minista, Majalisar Tarayya ke yi masa doka. Amma ko a can akwai ƙananan majalisu 6 da jama'a ke zaɓa. Su ne suka cika 768 na jihohi zuwa 774. Mutumin Kebbe yana zaɓen gwamna da ɗan majalisar jiha. Mazaunin Abuja ba shi da wannan dama.

ABIN DA YA RAGE GA JAMA'A

Doka ta jera duwatsu uku. Amma murhu ba ya hura kansa. Ga abin da kowane magidanci da kowace uwargida za su iya yi:

1. A yi rajista, a karɓi katin zaɓe, a adana shi.
2. A san sunan mazaɓa, a san kansila, a san gidansa.
3. Ranar zaɓen ƙaramar hukuma a fito, maza da mata. Kada a ce ƙaramin zaɓe ne. Shi ya fi kusa da ƙofar gida.
4. Kada a sayar da ƙuri'a. Sabulu da taliya kwana kaɗan suke yi. Karyayyen kwalbati yana iya shekara uku.
5. A tambayi nawa aka samu a wata. Tun 2004 Gwamnatin Tarayya take bayyana kason kowace ƙaramar hukuma. Ba asiri ba ne.
6. In za a kai kuka, a je a ƙungiyance, a kuma rubuta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A nan ne amfanin karatu yake fitowa. Maganar baki iska takan ɗauke ta. Takarda kuwa tana zama. Mutanen ƙauyen da kwalbatinsu ya karye suna iya rubuta wasiƙa gajera. Su sa kwanan wata. Su faɗi sunan ƙauye da wurin da ya lalace. Su faɗi ɓarnar da abin ke jawowa. Mai unguwa da hakimi su sa hannu. A kai wa kansila ɗaya, a kai sakatariya ɗaya, a ajiye ɗaya a gida. Bayan mako biyu a koma a tambaya, cikin ladabi, ba da faɗa ba. In an ce babu kuɗi, a tambaya ko za a sa aikin cikin kasafin baɗi.

Mai yiwuwa a gyara da wuri, mai yiwuwa a daɗe. Amma shugaban da ya san mutanensa suna karatu, suna ajiye takarda, suna kuma da katin zaɓe, ba zai yi musu riƙon sakainar kashi ba.

MA'ANAR WASU KALMOMI

Tsarin Mulki: babbar dokar ƙasa wadda ta fi kowace doka.
Sashe: yanki ɗaya na doka mai lambarsa.
Jadawali: jerin sunaye ko ayyuka a ƙarshen doka.
Mazaɓa: yankin da ke zaɓen wakili ɗaya.
Kantoma: shugaban da aka naɗa, ba zaɓensa aka yi ba.
Kasafi: tsarin yadda za a samu kuɗi da yadda za a kashe su a shekara.

TAMBAYOYI DON AJI

1. Mene ne duwatsu uku na mulkin kai?
2. Wace rana Jihar Arewa ta karɓi mulkin kai?
3. A wace shekara aka cire Kebbe daga Tambuwal?
4. Ƙananan hukumomi nawa ne a Jihar Sakkwato?
5. A kawo ayyuka huɗu na ƙaramar hukuma.
6. Idan abin rabo naira 1,000 ne, nawa ne kason ƙananan hukumomi?
7. Mene ne bambancin ciyaman da kantoma?

AIKIN GIDA

Kowane ɗalibi ya rubuta sunan mazaɓarsa da sunan kansilansa. Sannan aji ya zaɓi abu ɗaya da ya lalace a gari, a haɗu a rubuta wasiƙa a kansa. Malamin aji ya duba rubutun kafin a kai.